Kundin Gwajin Tattasai Mai Kaurin Tsoka a Dadin Kowa: Lambu da Rumfar Leda

8 ga Satumba, 2024

Tambayar da wannan gwaji zai amsa guda ce: wane tattasai ne zai riƙe kaurin tsokarsa a lambu a buɗe, wane ne kuma ba ya abin kirki sai a cikin rumfar leda. Wurin yana ƙasa da madatsar ruwan Dadin Kowa, a ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, inda ruwan Gongola ba ya yankewa da rani. Ƙasar lambun jigawa ce mai ɗan laka. Rumfar kuma faɗinta mita 8 ne, tsawonta mita 24, rufinta leda, bangonta raga, ban ruwanta na ɗigo.

Iri shida aka ware. Biyu tsofaffi ne da kowane mai shagon iri ya sani: California Wonder, wanda aka fitar a Amurka tun 1928, da Yolo Wonder da ya biyo baya a 1952, ya fi shi yawan ganye, yana kuma jure cutar mozayik ta taba, bairas mai sa ganye dabbare-dabbare. Dukansu ana iya ajiye irinsu a sake shukawa. Uku masu aure ne, wato irin da aka samar ta barbarar iri biyu daban, masu alamar F1 a jikin fakiti: ɗaya gajere na fili, ɗaya dogo mai nuna ja, ɗaya dogo mai nuna ruwan ɗorawa, tsayin shukar ake nufi ba na ɗan ba. Dogayen biyu don rumfa aka yi su. Na shida tattasanmu ne na gida, dogo mai siririyar tsoka, an sa shi don a sami abin kwatantawa. Sunayen masu auren ba za su shiga kundin nan ba tukuna, domin rani ɗaya bai isa a yabi iri ko a kushe shi ba.

Kowane iri zai shiga lambu ya kuma shiga rumfa, a wuri uku daban-daban a kowanne, don kada daɗin ƙasar wani gefe ya ruɗe mu.

Ma'aunin da aka tsayar: tsokar da ba ta wuce milimita 4 ba siririya ce, 5 zuwa 6 matsakaiciya, daga 7 zuwa sama ita ce mai kauri.

Hoton gaban fakiti ba shi da amfani wajen zaɓe. Bayan fakiti ake karantawa. HR na nufin juriya mai ƙarfi, IR matsakaiciya. Tm cututtukan mozayik ne da ake ɗauka a hannu da almakashi. PVY cuta ce da ƙwarin darɓa ke kawowa, TSWV kuma ta siraran ƙwarin nan ne da ke ɓuya a cikin fure, wato tirifs. Xcv tabon ganye ne na bakteriya, wanda ke tashi da damina. Idan aka ga Mi, Ma ko Mj, iri ne da ke jure tsutsar ƙasa mai kumbura saiwa. A duba ranar da aka gwada tsirowar irin, domin irin tattasai ba ya daɗewa kamar na tumatir, balle wanda ya sha zafin shago. Tsofaffin iri da giram ake sayar da su, giram ɗaya kuma na ɗauke da ƙwaya 120 zuwa 160. Masu aure da ƙidaya ake sayar da su, ƙwaya 500 ko 1,000, saboda haka watsa su a bedi kamar yadda ake yi wa tattasan gida ɓarnar kuɗi ce.

15 ga Satumba

An zuba iri a tire mai ramuka 128, ƙwaya ɗaya a rami, zurfin santimita ɗaya. Haɗin ƙasar reno: kashi biyu garin ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke sau biyu don gishirinsa ya fita, kashi ɗaya ruɓaɓɓen takin shanu da aka tankaɗe, kashi ɗaya buntun shinkafa da aka babbaka bai zama toka ba. Buntu a nan ba saye ake yi ba, masu casar shinkafa neman mai kwasa suke yi.

Tirorin suna kan benci mai tsayin ƙugu, ƙarƙashin rufi, raga ta zagaye su. Ragar ba ado ba ce. Tsiron da farin ƙuda ko darɓa ya sa wa cuta a wurin reno ba ya nuna alama sai bayan dashe, a lokacin kuma an riga an kashe masa taki da ruwa.

Dalilin zaɓen tsakiyar Satumba: tattasai mai kauri yana ɗaure 'ya'ya da kyau ne idan zafin rana yana tsakanin digiri 21 da 28 a ma'aunin Salshiyas, na dare kuma wajen 16 zuwa 20. A ƙasar Gombe ba a samun kusa da haka sai daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Lissafin daga baya ake faro shi: kwana 35 zuwa 45 a reno, wajen wata guda daga dashe zuwa fure, sai furen ya faɗo daidai shigowar sanyi.

3 ga Oktoba

Masu aure sun fito tare cikin kwana 7 zuwa 9. California Wonder da Yolo Wonder sun ja har kwana 12, ba su kuma fito a jere ba. A tirorin gefen yamma, inda feshin ruwan sama ke shigowa, wasu tsirrai sun tsuke a wuya sun kwanta. Naman gwari ne da ke son jiƙaƙƙiyar ƙasa marar iska. An cire waɗanda suka kamu da ƙasarsu, an mayar da ban ruwa safiya kawai, an kuma buɗe tazara tsakanin tirori. Tsiro na farko da ganyen gaskiya biyu ya fara samun taki mai narkewa, giram ɗaya a lita, sau biyu a mako.

27 ga Oktoba

Dashe, da yamma bayan la'asar. Tsirrai na da ganye 5 zuwa 6, saiwa ta kama ƙasar ramin tire har tana fitowa dunƙule. Mako guda kafin nan an rage musu ruwa an kuma riƙa fito da su rana da safe don su yi ƙwari.

A lambu kan kunya aka dasa, ba cikin fangali ba. Tattasan gida yana haƙuri da ruwan da ya kwanta masa a gindi na ɗan lokaci. Waɗannan ba sa yi, wuyansu ruɓewa yake, shukar ta yi yaushi rana ɗaya alhali ƙasa a jiƙe take. Tazara santimita 60 tsakanin layi, 45 tsakanin tushe, ruwa yana bin kwarin kunya bai taɓa kara ba. An zagaye lambun da layi uku na masara da aka shuka tun makonni uku da suka wuce. An kauce wa gefen da aka yi tumatir da kuɓewa bara, saboda saiwoyinsu sun fito da ƙulu-ƙulu da aka tumɓuke su, alamar tsutsar ƙasa ke nan.

A rumfa bedi biyar ne, kowane faɗin mita ɗaya, layi biyu a kai, tazarar santimita 45. Ya kama tushe kusan 500, wato biyu da rabi a kowace murabba'in mita. Wanda ya cusa fiye da uku don ganin ya ci ribar rumfa zai sami ganye da yawa da 'ya'ya masu siririyar tsoka, domin haske ba ya isa ƙasa.

Takin gindi a wuraren biyu: kilo 2 zuwa 3 na ruɓaɓɓen takin dabbobi a murabba'in mita, an gauraya shi da ƙasa tun makonni biyu kafin dashe, sai NPK 15-15-15 giram 10 ga kowane tushe, an binne shi tazarar tafin hannu daga kara. A auna giram 10 ɗin a sikeli sau ɗaya, a yi alama a jikin murfin roba, a ba masu aiki. Awo da ido shi ke sa wani layi ya ƙone wani ya yi yunwa.

Ba a binne kara ya wuce inda ƙasar tire ta tsaya ba. Tumatir na fitar da saiwa a jikin karan da aka binne, tattasai bai cika yi ba.

18 ga Nuwamba

Kowace shuka ta kai inda kara ke rabuwa biyu, furen farko ya fito a tsakiyar gwafar. An cire shi a dukkan iri masu kauri, lambu da rumfa. Masu aiki ba sa son wannan, gani suke an zubar da kuɗi. Amma ɗan da ya ɗauru a nan yana shanye ƙarfin shuka tun ba ta gama kafa saiwa ba, ga shi yana matsewa tsakanin rassa biyu ya fito a karkace.

Daga nan hanyar lambu da ta rumfa suka rabu. A rumfa reshe biyu kawai ake bari, kowane an naɗa masa igiya zuwa waya mai tsayin mita biyu da rabi. A kowace gaɓa ana barin reshen da ya fi ƙarfi ya ci gaba, a datse ɗayan bayan ganye ɗaya. An kuma cire furen gaɓa ta biyu. A lambu ba a taɓa komai a sama da gwafa ba, sai 'yan rassan da ke ƙasa da ita, domin ganyen shi ne inuwar 'ya'yan. An kafa sanduna kowace mita biyu, igiya ta bi gefe da gefe ta tallafe layin.

Duk mai shiga datsa yana wanke hannu da sabulu, yana tsoma almakashi a ruwan madarar gari mai kauri tsakanin layi da layi. Ba a shiga da taba ko buƙi. Cutar mozayik a hannu take tafiya.

Darɓa ta bayyana a lambu, a ƙarƙashin sababbin ganye. An yi feshin 'ya'yan dogonyaro: giram 50 na dakakkiyar ƙwaya a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa a kwana, a tace, a ƙara ɗan sabulu, a fesa da yamma. Abin da ya kamata a sani shi ne feshi yana rage darɓa amma ba ya hana cutar da take kawowa, domin cikin daƙiƙu kaɗan take ɗanɗana ganye ta zuba cutar kafin magani ya kashe ta. Amfanin katangar masara ke nan: ƙwaron ya fara sauka a kanta ya goge bakinsa. Duk shukar da ganyenta ya yi dabbare-dabbare ya tsuke, tumɓuke ta ake yi a fitar da ita cikin buhu. Ya zuwa yau California Wonder ce ta fi ba da irin waɗannan, gajeren F1 bai ba da ko ɗaya ba.

9 ga Disamba

Hunturu ya shigo. Matsalar rumfa ta farko ta fito a kan dogon F1 mai ɗorawa, a kusurwar da iska ba ta ratsawa: sababbin ganye sun tsuke, gefensu ya lanƙwashe ƙasa, bayansu ya yi kalar tagulla, toho ya tsaya. Da yawa kan ɗauka cutar bairas ce su tumɓuke shukar. Ba ita ba ce. Wani ƙwaro ne ɗan dangin kaska, ido ba ya ganinsa sai da madubin ƙara girma. Bambancin: darɓa da bairas sukan sa ganye ya yi dabbare, wannan kuwa ganyen ya yi tauri da sheƙi, daga saman shuka kawai. Magungunan tsutsa na yau da kullum ba sa taɓa shi, sai ma su kashe ƙwarin da ke cin sa. An fesa abamektin bisa awon da ke jikin kwalba, an mai da hankali kan toho da bayan ganye, za a maimaita bayan kwana 5 zuwa 7 saboda ƙwai. Farar wuta ma tana yi, amma ba a fesa ta idan zafi ya haura digiri 32, tana ƙona ganye.

Ƙurar hunturu ta kwanta a kan ledar rufi da raga. Ta sama tana rage haske, ta gefe tana toshe iska. An sa wankewa da tsumma a sanda duk bayan mako biyu. An rataya katin gam mai ruwan ɗorawa don farin ƙuda, shuɗi don tirifs, daidai tsayin kan shuka. Ragar da aka fi sayarwa, mai lamba 50, tana tare farin ƙuda amma tirifs na ratsa ta, saboda haka ana karkaɗa fure a kan farar takarda sau biyu a mako a ga ko sun shigo.

Tunda iska mai ƙarfi da ƙudan zuma ba sa shiga rumfa, ana bubbuga wayoyi da sanda tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe don garin fure ya zubo. Aiki ne na minti goma, amma tasirinsa a kan kauri ya fi na wani buhun taki, kamar yadda awo zai nuna.

12 ga Janairu, 2025

Tsinka ta farko ta koren tattasai, kwana 70 da 'yan kai bayan dashe. Ana gane ɗan da ya ƙosa ne da taurinsa da sheƙinsa. Idan aka matsa shi ya lotsa, tsokar ba ta gama cika ba ko da girmansa ya kai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a lambuna: a tsinke da wuri don farashi ya yi kyau, sannan a ce irin ba shi da kauri. Da almakashi ake yanka, a bar mariƙi santimita biyu. Fizga tana tafiya da reshe.

Yadda aka yi awo: 'ya'ya goma daga kowane iri a kowane wuri, a yanka su a kwance ta tsakiya, a auna da abin awon kauri irin na makanikai a wuri uku, nesa da jijiyoyin ciki.

Tattasan gida bai wuce milimita 3 ba a ko'ina, rumfa ba ta ƙara masa komai ba sai tsawo. California Wonder da Yolo Wonder sun tsaya a 5 zuwa 6 a lambu, 6 zuwa 7 a rumfa. Gajeren F1 ya ba da 6 zuwa 7 a wuraren biyu, 'ya'yansa kuma sun fi na kowa zama bai ɗaya. Dogayen F1 sun kai 7 zuwa 9 a rumfa, ɗa ɗaya yana haura giram 200, amma a lambu sun sauko 5 zuwa 6, daidai da tsofaffin irin da kuɗinsu bai kai rabin nasu ba.

A nan gizo ke saƙar. Lambar da ke jikin fakiti iyakar abin da iri zai iya ce, ba abin da zai yi ba. A cikin iri ɗaya, layi ɗaya, an sami bambancin milimita biyu zuwa uku, kuma da aka duba cikin 'ya'yan dalilin ya fito fili. Masu kauri da kusurwa huɗu cike suke da ƙwayar iri. Masu siririyar tsoka, shafaffu ko masu tsini a gindi, ƙwayarsu kaɗan ce ko babu. Ƙwayar iri ita ke jawo abinci zuwa jikin ɗa. Waɗannan marasa ƙwaya furensu ya buɗe ne a ƙarshen Disamba, lokacin da ma'aunin zafi ya riƙa sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, sanyin da ke lalata garin fure. A rumfa an fara sauke labulen leda a gefen arewa maso gabas daga magariba zuwa hantsi. A lambu babu abin yi sai cire shafaffun tun suna ƙanana don kada su ci abincin na ƙwarai.

Abu na biyu yawan kaya ne. Shukar da aka bar wa 'ya'ya goma sha biyu lokaci ɗaya ba ta cika ko ɗaya ba. A dogayen F1 an tsaya a shida zuwa takwas.

2 ga Fabrairu

Waɗanda aka bari su nuna sun ɗauki mako uku zuwa huɗu bayan ƙosawa kafin su rine. A wannan lokacin shuka tana rage ɗaure sabon fure, don haka mai son ja ko ɗorawa ya sani yawan abin da zai tsinka zai ragu, farashi ne kawai zai cike gurbin.

Ciwo biyu sun bayyana da ake yawan rikita su. Na farko baƙin tabo mai laushi da ke lotsawa a gindin ɗa ko kusa da shi. Ƙarancin kalsiyum ne a cikin ɗan, amma ba lallai ƙasar ce ta rasa shi ba. Ruwa ke ɗaukar kalsiyum, kuma idan iska ta bushe ganye ne ke janye ruwan, ɗa ya samu saura. Kwana biyu na ƙishi a lokacin da ɗa ke girma sun isa. Manyan 'ya'ya masu kauri su suka fi kamuwa: dogon F1 ja ne a gaba, tattasan gida ko ɗaya. A lambu an mayar da ban ruwa duk kwana biyu maimakon uku, da ruwa kaɗan-kaɗan, an shimfiɗa bambaron shinkafa a kan kunya. A rumfa an raba ruwan yini kashi uku, jimilla lita ɗaya da rabi zuwa biyu ga tushe. An dakatar da yuriya gaba ɗaya, domin tana tura ganye tana kuma gogayya da kalsiyum a saiwa. An koma kalsiyum naitiret da fotasiyum naitiret. Kada a narka kalsiyum naitiret mai kauri a tanki ɗaya da takin da ke da salfet ko fosfet, farin gari zai kwanta ya toshe ramukan ɗigo.

Na biyu farin tabo ne kamar takarda a gefen da ke kallon rana. Ƙunar rana ce, a lambu kawai take. A nan Yolo Wonder ta nuna fifikonta a kan California Wonder: ganyenta ya rufe 'ya'yan, tabon kaɗan ne. Dogayen F1 da aka fitar lambu su suka fi shan wahala, tsarin jikinsu a buɗe yake tunda don inuwar leda aka yi su.

16 ga Fabrairu

Kasuwa. Wannan ɓangaren ya kamata a daidaita shi kafin a sayi iri, ba bayan an tsinka ba.

A kasuwar Kwadon da ta cikin Gombe, yawancin masu saye tattasan miya suke nema: ja, a kwando ko buhu, wanda za a markaɗa da tumatir da attarugu. Da awon ido ake ciniki, ba da sikeli ba, kuma mai kauri ba ya samun ladar nauyinsa a irin wannan ciniki. Masu biyan kuɗin kauri su ne otal-otal, gidajen abinci, masu soyayyar shinkafa da shawarma, manyan kantuna, da dillalan da ke lodi zuwa Abuja. Su da kilo suke saye, suna kuma son girma ɗaya.

An gwada shanya. Tattasan gida da aka tsaga ya bushe ƙarau cikin mako guda. Masu kauri sun yi yauƙi, cikinsu ya yi fumfuna kafin bayansu ya bushe. Wato mai noma tattasan gida yana da mafita idan kasuwa ta faɗi, ya shanya ya ajiye zuwa damina. Mai noma mai kauri ba shi da ita. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum mayar da dukan lambunsa zuwa iri mai kauri.

Wajen ajiya kuwa mai kauri ne a gaba, ya fi daɗewa bai yamutse ba. Kiret ɗin roba ake zuba shi, ba buhu ba, domin tsokar tana da ƙarfi amma tana fashewa idan aka danne ta. Sanyin da yake so digiri 7 zuwa 10 ne. Firjin gida ya fi haka sanyi, bayan 'yan kwanaki fatar takan yi ramuka. Ga mai ƙaramin kaya, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa, tana aiki sosai a busasshiyar iskar wannan wata.

9 ga Maris

Zafi ya kama tare da azumi. A waje ma'auni na kai 38 zuwa 39 da azahar, a cikin rumfa yana haura 40. Fure na zuba tun kafin ya buɗe. Da zarar rana ta wuce digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 24, garin fure ba ya aiki, shukar kuma tana ƙona abincin da ta tara da dare maimakon ta kai wa 'ya'ya. Awon wannan mako ya nuna kowane iri mai kauri ya rasa milimita ɗaya zuwa biyu idan aka kwatanta da Janairu.

An ɗora ragar inuwa mai tare kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari a saman rufi, da tazarar taƙi biyu tsakaninta da leda. A ciki ba ta da amfani sosai, tunda zafin ya riga ya shigo. Ana jiƙa hanyoyin tsakanin bedi da tsakar rana, ruwan ɗigo ya koma kashi biyar. An sami sauƙin 'yan digiri. Amma gaskiyar magana, rumfar da ba ta da tagar fitar da zafi a ƙololuwa, tsayinta kuma bai kai mita huɗu ba, tanda ce a Maris da Afrilu, kuma babu irin da zai gyara wannan. Ɗage raga don iska ta shiga ba mafita ba ce, yanzu ne tirifs ke kan ganiyarsu, ga gonakin albasa kewaye da mu ana cirewa.

A lambu Yolo Wonder da gajeren F1 suna ɗan ɗaurewa a ƙarƙashin ganye. California Wonder ta tsaya. Tattasan gida bai san ana yi ba.

30 ga Maris

Inda aka tsaya bayan zagaye na farko. A lambu, gajeren F1 ne kan gaba ga mai kasuwar kilo, saboda juriyar cuta da daidaiton 'ya'ya. Yolo Wonder ce ta mai ƙaramin jari. An cire dogayen F1 daga jerin lambu baki ɗaya. A rumfa kuwa akasin haka: tsofaffin irin gajeru ne, ba sa hawa igiya, suna ba da kaya sau biyu ko uku su tsaya, ba za su biya kuɗin leda da raga ba. Tsakanin dogayen biyu, ja ya fi kauri amma ya fi ruɓewar gindi, ɗorawa ya fi jawo ƙwari. Hukunci sai an ga damina.

An ajiye irin Yolo Wonder daga shuke-shuke masu lafiya da aka ɗaure wa jakar raga a reshe tun fure bai buɗe ba, cikin Janairu. Ba don tsoron ɗan bana ya yi yaji ba, barbara ba ta canza ɗanɗanon ɗan da ke jikin uwa. Jikokin ne ke fitowa da yaji idan ƙudan zuma ya kawo garin barkono ko shambo daga maƙwabta, domin yaji ke rinjaye. Ƙwayar daga 'ya'yan da suka nuna jajir aka cire ta, aka shanya a inuwa, aka rufe a kwalba. Na F1 ba a ajiye ba, 'ya'yansa rarrabuwa suke yi.

An tumɓuke bedi biyu na rumfa don duba saiwa. A ɗaya an ga ƙulu-ƙulun tsutsar ƙasa a gefen ƙofa. Mako mai zuwa za a kwashe sauran, a kafta ƙasa, a jiƙa ta sosai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a binne gefunanta, a bar ta mako shida rana ta dafa. A cikin wannan lokacin maƙeri zai buɗe taga mai raga a tsawon ƙololuwar rufi. Zubin iri na damina an sa shi tsakiyar Mayu, rumfa kawai, kuma fakitin da ba shi da alamar Xcv da Mi ba zai shiga ba.